Ni Dai Tsani Na Gani

Babanmu ya taɓa fitowa a fim. Haka yake faɗa tun kafin a haife ni, kuma tun kafin a haife ni ba wanda ya yarda.

Labarin kullum iri ɗaya ne, ba ya ƙara masa gishiri ba ya ragewa. Yana saurayi yana koyon fenti, sai ubangidansa ya tura shi ya shafe gaban wani shagon takalma. Yana can saman tsani da bokitinsa, sai ga masu shirya fim sun cika layin da wayoyi da fitilu. Aka ce kowa ya kauce. Baba ya ce shi kam ba zai sauko ba, fenti zai bushe masa a buroshi. Mai ba da umarni ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "To yi zamanka, amma kada ka kalli kyamara." Aka ɗauki jarumin fim ɗin yana gudu da jar jaka, ya wuce ta gindin tsanin. Shi kuwa Baba, in ji shi, sai da ya kalli kyamarar, har ya yi mata dariya.

"Da wushiryata da komai," haka yake rufewa, yana nuna wurin da haƙoran suke a da.

Za ku ce to a nemo fim ɗin mana. An nema. A zamanin kaset akwai mai ba da hayar finafinai a bakin layinsu, yana da kwafi ɗaya tal. Baba ya dinga karɓar haya yana kaiwa gidan wani abokinsa mai bidiyo. Ya kai wurin tsanin, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kunnawa, ya sake tsayarwa, har zaren kaset ɗin ya cinye a daidai wurin. Mai-kaset ya gano wanda ya yi masa wannan aika-aika, ya hana shi haya. Sai da Baba ya auri Mama ya je ya yi ta lallashi aka ba shi, don ya nuna wa amarya ko waye ta aura. Ana zuwa wurin tsanin, sai hoto ya ɗauki rawa, yayyafi ya rufe gilashi.

"Mama, me kika gani?" mukan tambaye ta muna yara, don mun san amsar.

"Ni dai tsani na gani."

Sai mu fashe da dariya, Baba ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye mu. Amininsa, Kawu Mai-aski, shi ya laƙaba masa Jarumi. Ko daga nesa ya hango shi zai miƙe ya kaɗe kujera da tawul ya ce, "A ba Jarumi wuri." Baba bai taɓa fushi ba. Da shi ake dariyar, in an gama ya sake ɗauko labarin daga farko.

Abin ya daina ba ni dariya ne bara, lokacin da Baba ya fara mantuwa. Tabarau a cikin firji. Makulli a cikin takalmi. Wata rana ya fita sayen sabulu ya tsaya a bakin titi ya rasa abin da ya fito yi. Likita ya ce shekaru ne, a dai sa ido. Baba ya mayar da abin wasa, amma ni ce auta, ni ce a gida, ina ganin yadda yake shafa aljihunsa a ɓoye yana duba ko ya sake yar da wani abu. Yana tsoro, kuma ni ma ina tsoro. Labarin fim ne kaɗai yake bayarwa ba tuntuɓe, daga hawa tsani har saukowa.

To, ni nake biya wa Mama kuɗin wata na kamfanin da ke haska finafinai ta intanet. Tsari mafi araha na zaɓa, na talabijin ɗaya, wanda aka jona wa ɗan akwatinsu a falo. Ni da kamfanin nan ba ma ga-maciji. Ana tsakiyar kallo sai hoto ya daskare, 'yar da'irar nan ta hau juyawa kamar mai neman hanyar gida. Ka gama fim yau, gobe su ce maka, "Muna ganin wannan zai burge ka," shi ɗin dai da ka gama. Rubutun fassara kuwa kullum rabinsa a yanke yake a ƙasan gilashi, sai dai ka karanta kawunan haruffa ka cike sauran da tunaninka. Na sha rantsuwa cewa wannan watan ne na ƙarshe. Mama ce ke hana ni, don ita talabijin ɗin nan tamkar ɗanta na uku ne. Da kuɗin ɗinkinta ta saya, ta ɗinka masa riga, rimot ɗinsa na asali ma ta naɗe shi a leda ta ɓoye tun ranar da aka kafa shi. Da ɗan rimot ɗin akwatin kamfani muke komai.

Ina wurin aiki, a kantin magani, ina jera kwalaye a kanta, saƙonsu ya shigo wayata. Wai sun zuba tsofaffin finafinai, za su tsaya zuwa ƙarshen wata. Har na kai yatsa zan goge, sai idona ya faɗa kan wani ɗan hoto: mutum yana gudu, ya rungume jar jaka.

Wallahi sai da na zauna a kan kwalin auduga. Na buɗe hoton, na ƙara girmansa, na karanta bayanin. Direban tasi ya tsinci jakar da ba tasa ba. Shi ne. Tun ina goye nake jin labarin jakar nan. Na ce wa maigidan kantin cikina ya murɗa, na ɗauki jakata na fice, ban ko cire farar rigar aiki ba.

Na sami Baba a tsakar gida yana wanke buroshin da ya shekara goma bai taɓa fenti ba. Na miƙa masa wayar. Ya nemi tabarau, na ciro masa daga aljihun rigarsa. Ya duba, ya matso da wayar, ya nisanta ta.

"Auta," ya ce, "ina kika samo wannan?"

"Yana cikin talabijin ɗin Mama yanzu haka. Zo mu kunna."

Ya riƙe mini hannu. "A'a. Kada wanda ya taɓa. Sai kowa ya zo. A kira yayanki, a kira Mai-aski. Shi musamman, a ajiye masa kujerar gaba."

Ranar Asabar da la'asar falonmu ya cika. Yaya ya zo da matarsa da yaransu. Kawu Mai-aski ya rufe shago, abin da ba ya yi ko ranar da ya yi zazzaɓi, ya zo da tawul ɗinsa a kafaɗa. Da safe ya yi wa Baba aski kyauta, wai ba a kai jarumi gaban jama'a da suma. Baba ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya fesa turare, ya kasa zama. Ya gyara labule, ya dawo ya gyara shi yadda yake a da. Mama ta cire wa talabijin riga ta ninke, ta zauna da kofin shayinta kamar alƙali.

Na danna. Da'ira ta fara juyawa.

"Jarumi yana kwalliya," in ji Kawu.

Ta yi ta juyawa. Na kashe akwatin na kunna. Yaya ya ce a kashe duk wayoyi kada su janye intanet ɗin, matarsa ta ce ba haka abin yake aiki ba, suka fara musu. Sai ga kiɗa ya tashi, fim ya fara, kowa ya yi tsit.

Fim ne mai tsawo, kuma ba wani na kirki ba, gaskiya. Na lura hulunan mutane duk a saɓe suke daga sama, na ɗauka haka tsofaffin finafinai suke. Baba yana bakin kujera yana ba mu labarin abin da zai faru kafin ya faru. "Yanzu zai buɗe but ɗin motar. Yanzu zai ga jakar. Ga 'yan sanda nan." Duk abin da ya faɗa sai ya faru.  Sai ya ɗaga hannu.

"Ku shirya. Kwanar nan ce. Ga shagon takalman."

Ga shagon takalma kuwa, rabinsa shuɗi rabinsa tsohon fari. Ga tsani. Ga ƙafafu biyu cikin silifa, wando duk ɗigon fenti, bokiti a rataye, hannu riƙe da buroshi. Daga ƙirji zuwa sama babu komai, gilashi ya ƙare. Jarumin ya wuce da jakarsa a guje, hoto ya koma wani layi.



"To," in ji Mama, ta kurɓi shayi, "an samu ci gaba. Yau har da ƙafafu."

Falo ya ɗauki dariya. Kawu ya kwanta a jikin kujera yana share hawaye da tawul. Yaya ya ce silifan dai sun yi kama da na gidanmu. Ni ma na yi dariyar, ba zan yi ƙarya ba. Na mayar baya, muka sake kallo, ƙafafun dai. Sai da na juya na ga Baba bai yi dariya ba. Yana kallon gilashin, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa yana shafa aljihu.

Da baƙi suka watse na same shi a tsakar gida ya cire rigar ya rataye. Na ce masa laifin kamfani ne, sun yanke hoton.

"Auta," ya ce, bai dube ni ba, "ƙila fa ba ni ba ne."

"Haba Baba."

"Ƙila wani ne ya ba ni labarin tun da daɗewa, na riƙe, na ɗauka nawa ne. Ai kin ga yadda kaina ya zama. Ƙafafun nan na kowa ne."

Tunda nake ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan magana ba. Mutumin da duniya ta yi ta ƙaryata shi bai girgiza ba, yau shi ke ƙaryata kansa. Washegari bai je shagon Kawu ba. Kwana na biyu ma haka. Ya zauna a ɗaki, in an yi masa magana ya amsa, in an bar shi ya yi shiru. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa na ce, kamfanin nan, ni da ku ne.

Sai dai faɗa da kamfani ba kamar faɗa da mutum ba ne, don ba ka samun wanda za ka kalla. Na buɗe wurin koke a waya, wata na'ura ta amsa mini da fara'a. Wai in zaɓi matsalata: sauti, ko hoto, ko biyan kuɗi. Na duba sama da ƙasa, babu inda aka rubuta an yanke kan mahaifina. Na zaɓi hoto. Ta ce in kashe akwatin in kunna. Na rubuta mata cewa na kashe na kunna har akwatin ya san hannuna. Ta ce ta yi farin ciki da matsalata ta warware, in ba ta taurari nawa. Na ba ta ɗaya, don babu wurin ba da rabi.

Na kira lambarsu a lokacin hutun rana, ina tsaye a ɗakin ajiyar magani tsakanin kwalaye. Suka sa mini wani kiɗa, wata murya tana cewa kirana yana da muhimmanci a gare su. Har hutun ya ƙare muhimmancin bai sa an ɗauka ba. Na gwada buɗe fim ɗin a wayata, aka ce tsarina na talabijin ɗaya ne, in ina son kallo a waya in ƙara kuɗi. Yaya ya ce in ƙara mana. Na ce in ƙara in ga me? Fim ɗaya ne, kai ɗaya suka yanke, so kake in biya su in sake kallon ƙafafu a ƙaramin gilashi?

Har tsohon layin su Baba na je neman Mai-kaset. Shagon ya zama na gyaran waya. Ɗansa ne a ciki, ya ce mahaifinsa ya rasu, kaset ɗin kuwa ruwa ya shiga ɗakin da aka tara su, an kwashe an zubar. Da na faɗi sunan fim ɗin sai ya yi murmushi. "Ke 'yar mai fentin nan ce? Babana har ya bar duniya yana ba da labarin mutumin da ya cinye masa kaset." Na yi dariya, na fito, na tsaya a bakin titi ina jin kamar in yi kuka. Wata yana ta tafiya, in ya ƙare su ɗauke fim ɗin, ko ƙafafun ma mu rasa.

Ranar Juma'a haƙurina ya ƙare. Ina dawowa daga aiki na zauna a falo na nemo inda ake soke rajista. Sun ɓoye shi a can ƙarƙashin ƙarƙashi, amma na tono shi. Suka tambayi dalili. Na rubuta musu da manyan baƙaƙe cewa sun yanke wa mahaifina kai, na danna.

Ashe nan ne ƙofarsu take. Ko takalmi ban gama cirewa ba waya ta yi ƙara. Mutum ce, mai rai, mai numfashi.

"Barka da yamma, ranki ya daɗe. Daga sashen kula da masu kallo nake kira. Na ga kin soke rajistarki, na kuma ga dalilin da kika rubuta." Sai ta sassauta murya. "Lafiyar Baba ƙalau dai ko?"

Na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Mama tana kan kujerarta tana warware wani ɗinki. Kawu Mai-aski ya zo duba amininsa tunda ya daina ganinsa a shago, ya jawo shi falo da ƙyar. Na zazzage wa matar nan duk abin da ke cikina, tun daga da'ira mai juyawa har rubutun fassara, har na'urarsu mai neman taurari. Ba ta katse ni ba. Da na kai kan tsani sai na tsaya.

"Ki ba ni sunan fim ɗin da daidai wurin," ta ce. "Bari in buɗe shi a nan wurina."

Na faɗa mata. Muna jin tana danne-danne, sai kiɗan fim ɗin ya taso ƙasa-ƙasa daga cikin wayar.

"Ga shagon takalma," ta ce. "Ga tsani. Akwai wani saurayi a sama."

"Ƙafafunsa," na ce.

"A'a, shi gaba ɗaya. Siriri ne, ya ɗaura wani ƙyalle a ka." Sai ta yi 'yar dariya. "Kai, wannan ai kyamara yake kallo kai tsaye. Dariya ma yake yi. Yana da wushirya."

Ban san lokacin da Baba ya miƙe ba. Sai ganinsa na yi a kaina, ya dafa kafaɗata, ya sunkuyo da bakinsa kusa da wayar.

"'Yata," ya ce, "ƙyallen wane launi ne?"

"Rawaya ne, Baba."

"Rawaya," ya ce, ya juya ya kalli Kawu. "Hannun tsohuwar rigata ce na yage."

Kawu ya miƙe shi ma, tawul ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ni kuwa ina ta cewa to mu me ya sa ba ma gani, me ya sa namu ba kai, ko kan ma sai an ƙara kuɗi?

"Ba a ƙara komai," in ji matar. "Ki kunna shi yanzu ki faɗa mini. Akwai baƙi a gefen dama da gefen hagu na hoton?"

Na kunna. "Babu. Hoto ya cika gilashi tam."

"To nan matsalar take. Fim ɗin tsoho ne, ba shi da faɗi irin na yanzu. Dole a ga baƙi a gefe biyu. In babu, talabijin ɗinku ne aka saita ya buɗa hoton ya cika ko'ina, sai sama da ƙasa su fita waje. Shi ya sa rubutun fassararku ma yake yankewa. Akwai wanda ya taɓa canza saitin?"

Na ce ba wanda ya taɓa, rimot ɗin ma ba mu san inda yake ba. Ina faɗin haka na ji falon ya canza. Na juya. Mama ta sunkuyar da kai tana warware ɗinki da saurin da ban taɓa gani ba.

"Mama?"

"Me?"

"Mama."

Ta ajiye ɗinkin ta gyara zama. "Ranar da aka kawo shi, yaron da ya zo kafawa ya kunna, na ga baƙi nan, baƙi nan, hoto a tsakiya kamar an matse shi a mota. Na ce masa ni talabijin duka na saya, ba rabi ba. Ya cika mini shi. Ya cika, na ɗauke rimot ɗin kada wani ya ɓata." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ina na san akwai mutum a sama?"

Daga cikin waya na ji matar kamfani tana ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Kawu ya riƙe ciki. Baba kuwa miƙa wa Mama hannu ya yi kawai, tafinsa a buɗe.

Ba ta taɓa tashi da sauri haka ba. Muka bi ta ɗaki gaba ɗayanmu, har da matar kamfani a hannuna. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga takardun makarantarmu, ta ciro shi a cikin ledarsa, sabo fil kamar yau aka saya. Na danna, bai yi komai ba, babu batir. Kawu ya hau kujera ya ciro na agogon bango, bai shiga ba, ya yi girma. Mama ta ce a duba tocila. Na fasa bayan ɗan rimot ɗin kamfani na kwashe nasa, Baba yana cewa a hankali, a hankali, kamar ƙwai nake ɗauke da shi.

"Nemi maɓallin da ke da hoton ɗan akwati da kibiyoyi," in ji matar. "Ki danna har sai kin ga baƙin ya dawo."

Na danna sau ɗaya, mutanen ciki suka yi ƙiba. Na sake, suka rame. Na sake, sai hoton ya ja baya ya tsaya a tsakiya, baƙi ya sauko dama da hagu. Hular direban tasi ta fito cikakkiya, rubutun ƙasa ya hau sama duka. Na mayar da batir cikin ɗan rimot, na kai fim ɗin kwanar shagon takalma. Ba wanda ya zauna.

Ga tsani. Ga silifa, ga bokiti. Ga shi.

Yaro ne ƙarami, wallahi bai kai Yaya na yanzu ba, wuyansa dogo, rawayan ƙyalle a ka, ɗigon shuɗi a kumatu. Jarumin fim yana wucewa a ƙasa da jakarsa ba wanda ya kalle shi. Yaron ya juyo, ya dube mu ido cikin ido, ya buɗe baki ya yi dariya da wushiryarsa da komai.

Na tsayar da hoton a nan. Na yi ihu, ni kaɗai, ban ji kunya ba. Kawu ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya juyo ya dubi Baba, ya sake duban gilashi. Ya sunkuya ya ɗauki tawul ɗinsa, ya kaɗe kujerar tsakiya a hankali, ba dariya a fuskarsa.

"Zauna, Jarumi," ya ce.

Baba ya zauna. Idonsa ya kawo ruwa, bai share ba. "Sake shi, Auta," ya ce. "Yanzu zan goge hanci da bayan hannu, fenti ya shafe ni."

Na saki hoton. Yaron ya ɗaga hannu ya goge hanci, shuɗi ya kwanta masa a leɓe.

"Kin gani," in ji Baba. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya ɗora hannayensa biyu a gwiwa. "Ni ne. Ban manta ba."

Sai a lokacin na tuna da waya a hannuna. Matar tana nan ba ta kashe ba. Ta ce a gaishe mata da Baba, ta ce tun safe zagi take sha, wannan ne kira na farko da ya yi mata daɗi. Ta tambaya a hankali ko har yanzu ina son a soke rajistar. Na ce ta bar ta, amma su gyara da'irar nan tasu, kuma na'urarsu ba za ta ga tauraro na biyu daga wurina ba. Ta ce za ta isar. Na ɗauki hoton gilashin da waya sau ba adadi kafin wata ya ƙare su ɗauke abinsu, na tura wa Yaya ba tare da na rubuta komai ba. Ko minti ba a yi ba ya kira yana cewa ga shi nan zuwa, kada a kashe.

Mama kuwa idonta yana kan hoton tun da ya fito. Ta jawo kujerar ɗinkinta ta ajiye dab da talabijin, ta karɓe ɗan rimot daga hannuna. Ita da ba ta san shi ba sai da ya fara sanƙo, kuma babu hotonsa ko ɗaya na wancan lokaci. Ta mayar baya, yaron ya juyo ya yi dariya. Ta sake mayarwa.

"Ki yi a hankali," in ji Baba, "za ki cinye shi."

"Wannan ba ya cinyewa, Baba," na ce.

Ta sake mayarwa. Kawu ya ƙyafta mini ido, ya gyara murya.

"Maman yara, me kika gani?"

Ba ta juyo ba. Ta kai gefen mayafinta ta goge gilashin a daidai kumatun yaron, inda fentin yake.

"Ku rufa mini baki," ta ce. "Yau ko tsanin ban gani ba."